CIYAWAR FILIN WASA: YADDA AKE SAMAR DA SABON IRI, DA DARASIN DA KE CIKI GA ƘASAR YOLA

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa filin ƙwallo na makaranta a Jimeta ko cikin garin Yola a watan Maris ya san yadda yake. Tsakiyar fili fayau, bakin raga ya zama kwari, in yara suka taso da gudu sai ƙura ta turnuƙe. Wanda ya faɗi kuwa sai ya tashi da ƙujewa a gwiwa, wani lokaci har da targaɗe ko karaya. In damina ta sauka sai filin ya koma taɓo, ƙarangiya da tuji su mamaye gefe. Sau da yawa an kashe kuɗi a garuruwan ƙasar nan an dasa ciyawa, an yi bikin buɗe fili, kafin rani biyu ta mutu.

Mutane sukan ɗora laifin a kan rashin ruwa ko sakacin ma'aikata, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai dalilin da ya riga waɗannan, watau irin ciyawar da aka dasa tun farko. Manomi ya san ba kowace dawa ce ke yi a kowace ƙasa ba. Haka ciyawa take. Wannan darasi zai bayyana yadda masana ke samar da sabon irin ciyawa domin filayen ƙwallon ƙafa, da ƙwallon dawaki, da ƙwallon lambu wanda ake kira golf. Za a ɗauki Yolde Kohi, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu a Jihar Adamawa, a matsayin misalin wurin da za a iya fara irin wannan aiki da abin da ke hannu.

1. Abin da ake nema ga ciyawar fili

Makiyayi yana son ciyawa mai tsawo da yawan ganye, irin gamba ko kyasuwa. Mai kula da filin wasa akasin haka yake nema. Yana son ciyawar da ke kwanciya tana yaɗo, tana saƙa kanta kamar tabarma, wadda in an aske ta ƙasa-ƙasa ba ta mutuwa, in an tattake ta kuma tana farfaɗowa da sauri.

Kowane wasa da bukatarsa. Filin ƙwallon ƙafa na manyan gasa yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, kuma akan aske ciyawarsa ta tsaya tsakanin milimita 20 da 30. Abin da ya fi damunta shi ne ƙusoshin takalman 'yan wasa. Filin ƙwallon dawaki, wasan da ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya kai yadi 300 a tsawo, kuma kofaton doki yana ɓamɓare ciyawa har da ƙasarta, don haka sai mai saurin rufe rauni. A ƙwallon lambu kuwa, wurin da ya fi wuya shi ne da'irar da ke kewaye da kowane rami, inda ake gangara ƙwallo a hankali. Can akan aske ciyawa har ta koma milimita 3 ko 4, watau ba ta kai kaurin fensir ba. Ciyayi kaɗan ne a duniya ke jure wannan aski. Shi ya sa shekaru da yawa kulob-kulob na Arewa suka riƙa shimfiɗa yashin da aka cakuɗa da baƙin mai a kewayen rami maimakon ciyawa.

Bayan waɗannan, akwai halayen da ake nema ga kowace: jure zafi, jure ƙishirwa, tsira daga gara da tsutsar saiwa da cututtukan ganye, da kuma yin kauri yadda baƙuwar ciyawa ba za ta sami wurin tsira ba. Babu ciyawa guda da ta haɗa duka. Aikin masanin iri shi ne ya san wanne hali ne ya fi muhimmanci a inda yake, ya nemi tara shi da sauran gwargwadon iko.

2. Ƙasa da yanayin Yola

Sunan Yola kansa daga kalmar Fulatanci ta "yolde" ya fito, ma'ana tudu, kuma a kan tudun da ke duban kwarin Binuwai ne Modibbo Adama ya kafa garin a 1841. Wannan bambanci na tudu da kwari shi ne abin da mai dasa ciyawa zai fara lura da shi. A kan tudu ƙasar jigawa ce mai rairayi, ruwa ba ya daɗewa a cikinta. A kwari kuwa akwai baƙar laka, wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa. Da damina takan riƙe ruwa ta kumbura, da rani ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige. Ciyawar da ta yi kyau a ɗaya tana iya gazawa a ɗaya.

Ruwan sama a Yola yakan kai kimanin milimita 900 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Daga Nuwamba sai hunturu da busasshiyar iska, sa'an nan bazara ta biyo, inda zafi kan wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Wuraren da ke kusa da kogi kuma sukan sha ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa ciyawar da ake gani a filayen Ingila ta talabijin ba ta da amfani a nan. Masana sun kasa ciyayin fili gida biyu. Akwai na ƙasashen sanyi, waɗanda suka fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 24, akwai kuma na ƙasashen zafi, masu son digiri 27 zuwa 35. Wanda ya sayo irin kashi na farko a gwangwani ya shuka a Jimeta da sanyin Disamba zai ga kore shar har ya yi murna, amma bazara na shigowa za ta ƙone. A cikin kashi na biyu ne za a yi zaɓe. Akwai kikuyu ta tsaunukan Kenya, wadda ta fi dacewa da wurare masu sanyi-sanyi irin Jos da Mambila. Akwai zoyisiya ta gabashin Asiya, mai jure inuwa amma mai jinkirin yaɗo. Akwai fasfalum ta bakin teku, mai jure ruwan gishiri, wadda aka shimfiɗa a filayen Gasar Cin Kofin Duniya ta Katar a 2022. Sa'an nan akwai wadda ta fi su duka yaɗuwa a filayen ƙasashen zafi, ita kuwa ba baƙuwa ba ce.

3. Kiri-kiri, 'yar gida da ta yi suna a waje

Manomin fadama ya san kiri-kiri, kuma ba ya ƙaunarta, domin in ya nome ta ya bar gaɓa ɗaya a ƙasa sai ta dawo. Mai doki kuwa yana nemanta. Tana yaɗo ta hanya biyu: tana miƙa reshe a bisa ƙasa, kowace gaɓa ta kafa saiwa, tana kuma tura wani reshen a ƙarƙashin ƙasa inda rana da kofato ba sa kai masa. Abin da ya sa ta zama annoba a gona shi ne ya sa ta zama sarauniya a filin wasa. Masana suna kiranta Cynodon dactylon, a Amurka kuma ana ce mata ciyawar Bamuda, ko da yake ba a tsibirin Bamuda ta samo asali ba. Afirka na cikin gidajenta na asali, kuma a nahiyar ne danginta suka fi yawa.

Wanda ya fi kowa fito da darajarta shi ne wani masani mai suna Glenn Burton, wanda ya fara aiki a tashar binciken gona ta garin Tifton a Jihar Jojiya ta Amurka a 1936. Da ciyawar kiwo ya fara, ya fitar da wani iri mai suna Coastal a 1943. Daga baya masu filayen ƙwallon lambu suka nemi taimakonsa. Sai ya dubi wata ƙanwar kiri-kiri ta Afirka ta Kudu, mai suna Cynodon transvaalensis, wadda ganyenta siriri ne mai laushi amma ba ta da ƙarfin yayarta. Ya haɗa su aure, aka sami 'ya'ya masu laushin ɗaya da juriyar ɗaya. Daga wannan zuriya aka fitar da Tifgreen a 1956 domin kewayen rami, da Tifway a 1960 domin manyan filaye. Ita Tifway ma a cikin wani ƙunshin iri da aka aiko daga Johannesburg a 1954 aka tsinto ta, auren ya riga ya auku tun can. Ta shafe shekaru fiye da 50 tana cikin ciyayin da aka fi dasawa a filayen wasa na ƙasashen zafi.

Shi wannan Burton ya yi aiki a kan gero kuma, kuma da uwar irin da ya samar ne Indiya ta fitar da geronta na aure na farko a 1965. Wannan ya nuna ilmin guda ne, ko a gonar hatsi ko a filin wasa.

Ba kiri-kiri kaɗai ce ta yi irin wannan tafiya ba. A 1973 an ɗauki irin gamba daga tashar Shika kusa da Zariya zuwa ƙasar Kolombiya, aka gwada ta, a 1980 aka fitar da ita ga makiyaya a can da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma da sunan Planaltina. Ciyawar da ake ƙonewa a dajin Arewa kowace kaka ta zama dukiya a wata nahiya, saboda wasu sun zauna sun auna ta, sun rubuta.

4. Hanyoyin samar da sabon iri

Hanya ta farko ita ce zaɓe. Kiri-kiri ba iri ɗaya ba ce. In aka duba da kyau za a ga wata ganyenta faffaɗa ne, wata siriri. Wata gaɓoɓinta a nesa da juna, wata a matse. Wata tana bushewa tun Disamba, wata tana riƙe kore har Maris. Masani yakan tattaro ɗaruruwa daga wurare dabam-dabam, ya dasa su wuri guda, ya ware waɗanda suka fi. Wannan ita ce hanyar da manoma suka bi tun kaka da kakanni, sa'ad da suke ware zangarniya mafi kyau domin irin baɗi.

Hanya ta biyu ita ce aure. Ciyawa tana fure kamar yadda gero ke yin bununi, sai dai furen ƙanƙane ne ƙwarai. Masani yakan zaɓi uwa da uba, ya ɗebo bununin uban da sassafe ya kaɗa a kan furen uwar, ya rufe da 'yar jaka don kada iska ta kawo na wani. Kowane ƙwayar iri da ta fito daga wannan aure daban take da 'yar'uwarta, kamar yadda 'ya'yan ɗaki ɗaya ba sa zama ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a cikin 'ya'yan barewa ma wani ya fi wani gudu, shi ake nema.

A nan akwai wani abin lura. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka masu ɗauke da gado, waɗanda masana ke kira kuromosom. Kiri-kiri ta gama-gari tana da 36, ƙanwarta ta Afirka ta Kudu tana da 18. Ɗa yakan ɗauki rabi daga kowane gefe, watau 18 da 9, ya tashi da 27. Wannan adadi ba ya rabuwa daidai, saboda haka ɗan ba ya haihuwa. Misalinsa alfadari, wanda ya gaji ƙarfin doki da jimirin jaki amma ba ya barin zuriya. Wannan rashin haihuwa alheri ne ta wani gefe, domin fili yakan zauna bai ɗaya, ba ya cakuɗewa da tsiron da ya bambanta. Ta wani gefen kuwa yana nufin ba a samun irin shukawa, sai dai a yanko rassa a dasa, kamar yadda ake dasa rake ko rogo. Don haka duk ɗan kasuwar da ya miƙo buhun ƙwaya ya ce irin Tifway ne, ba gaskiya ya faɗa ba.

Hanya ta uku ita ce sauyin halitta. Wani lokaci reshe guda yakan sauya da kansa. Haka aka sami Tifdwarf, wadda aka gani tana tsirowa gajeriya a cikin filayen Tifgreen, aka fitar da ita a 1965. Masana kuma sukan jawo sauyin da gangan, su haska rassa da wani haske mai ratsa jiki da ke fitowa daga ma'adinin kobal, su dasa, su duba abin da zai fito. Yawanci nakasassu ne, amma jefi-jefi akan dace. Ta wannan hanya Wayne Hanna, wanda ya yi aiki tare da Burton a Tifton, ya samar da TifEagle, aka fitar da ita a 1997, mai jure aski har milimita 3.

Kowace hanya aka bi, ƙarshenta gwaji ne, shi ne kuma ya fi cin lokaci. Irin da ake kira TifTuf, wanda ya yi suna wajen jure fari, an zaɓo shi daga cikin tsirrai fiye da 27,000 da aka samu ta hanyar aure a farkon shekarun 1990, ba a kuwa fitar da shi ba sai 2014. Shekara fiye da 20 ke nan ana zubar da raunana, ana gwada waɗanda suka rage a garuruwa dabam-dabam. A yau ana duba zarurrukan gado a ɗakin bincike don a gane dangantakar tsirrai da wuri, amma wannan bai ɗauke wa kowa tsayuwa a rana yana duban fangali ba.

5. Lissafin ruwa

Kafin hukuma ko makaranta ta zaɓi ciyawa, ya kamata ta yi wannan lissafi. Filin ƙwallon ƙafa mai mita 105 da 68 yana da murabba'in mita 7,140. Ruwa milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Da bazara, ciyawar da ake so ta zauna kore takan sha milimita 5 zuwa 7 kowace rana. Ke nan fili guda yana bukatar lita 36,000 zuwa 50,000 a yini, watau duro mai cin lita 200 guda 180 zuwa 250.

A unguwar da mata da yara ke layi a bakin rijiyar burtsatse, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba daidai ba ne ciyawa ta riga mutane sha. Irin da zai rage ko da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ruwa ya ceto duro wajen 50 kowace rana. Irin da kuma zai iya yin barci da rani, ya bushe a sama amma rassansa na ƙarƙashi su rayu, ya farka da ruwan farko, shi ne ya dace da filin makarantar ƙauye wadda ba ta da famfo ko kaɗan. Saboda haka ma'aunin farko a ƙasar Yola shi ne jure ƙishirwa, na biyu jure tattaka. Laushin ganye da kyan launi su biyo baya, sai fa a kewayen ramin ƙwallon lambu, inda wurin ƙarami ne, ana iya ba shi ruwa da bokiti.

Wasu sun ga mafita a ciyawar roba, kuma an shimfiɗa ta a wasu filayen ƙasar nan lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Tana da amfaninta. Sai dai da tsakar rana zafinta yakan wuce digiri 60, tana tsufa a sake ta da kuɗin waje, ba ta kuma riƙe ƙasa ko sanyaya iska. Doki kuwa ba ya wasa a kanta.

6. Yadda za a fara a wuri kamar Yolde Kohi

Aure da haskawa aikin cibiyar bincike ne. Zaɓe kuwa malamin aikin gona na sakandare da ɗalibansa suna iya farawa, in sun bi waɗannan matakai.

(a) Tattarawa. A fita a Maris ko Afrilu, lokacin da komai ya bushe. A nemi kiri-kirin da ta rage da rai a wuraren wahala: burtali, mashayar shanu, turken dawaki, bakin hanya, bakin ragar tsohon fili, tudu da karal duka. A yanko tafin hannu guda da saiwarsa, a ba shi lamba, a rubuta wurin da irin ƙasar. A nemi izinin mai wuri da sanin mai unguwa.

(b) Reno. A dasa kowace lamba a tukunyarta ko leda, a ba ta ruwa har ta yi yawan da za a raba. A yi hattara kada rassa su tsallaka daga tukunya zuwa tukunya.

(c) Fangali. Da damina ta zauna, wajen Yuni, a yanka fangali masu mita 2 da 2, da rata tsakaninsu. Kowace lamba a dasa ta a fangali uku a sassa dabam na filin, a kuma raba wuraren ta hanyar ƙuri'a. Dalili shi ne, ciyawar da aka samu kore a Afrilu mai yiwuwa ba jarumtakarta ba ce, wataƙila bututu ne ke yoyo a ƙarƙashinta. Sai an tara su a ƙasa ɗaya, da ruwa ɗaya, da taki ɗaya, sa'an nan za a bambanta halin gado da gatan wuri. In ana iya samun sanannen iri kamar Tifway, a sa shi a ciki ya zama ma'auni.

(d) Shinge. Awaki da shanu ba su san gwaji ba. Wanda bai kewaye fangalinsa ba ya yi wa dabbobi noma.

(e) Aski. A riƙa askewa a tsawo ɗaya, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a lokaci guda.

(f) Jarrabawa. A sa yara su riƙa gudu a kan rabin kowane fangali, adadi ɗaya, rana ɗaya a mako. Da bazara a yanke ruwa na makonni, a rubuta ranar da kowace ta fara bushewa da ranar da ta farfaɗo bayan an mayar da ruwa.

(g) Rubutu. Kowane mako biyu a ba kowane fangali maki daga 1 zuwa 9 a kan kauri, da kore, da tsira daga gara da cuta. Mutum biyu su ba da maki, kowa shi kaɗai. A ci gaba har shekara uku a ƙalla, domin shekara ɗaya ba ta shaida.

Littafin da aka cika ta wannan hanya shi ne abin da za a kai wa masana. Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola tana da sashen aikin gona. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda hedkwatarta ke Yola, tana da aikin noman rani a tafkin Geriyo kusa da Jimeta. A Shika akwai Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, mai dogon tarihi a binciken ciyawa, a Samaru kuma akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, dukansu ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Irin waɗannan wurare ne ke da kayan ƙidaya zarurrukan gado da haɗa aure. Masu kula da Dandalin Ribadu da filayen ƙwallon dawaki da na lambu a Yola kuwa su ne suka fi kowa sanin kusurwar da ciyawa ke fara mutuwa, don haka shawararsu abar nema ce tun farko.

7. Kiyaye iri da bin doka

Samun iri nagari rabin aiki ne, sauran rabin kiyaye shi. Tun da da rassa ake yaɗa shi, tilas a keɓe gonar uwa, a riƙa zagaya ta, duk tsiron da ya bambanta da launi ko tsawo a tone shi da saiwarsa. A wanke fartanya da injin aski kafin a shiga da su daga wani fili. Filin da za a dasa kuma a raba shi da tsohuwar kiri-kiri da aya-aya tukuna, a ɗan tudunta tsakiyarsa yadda ruwa zai gangara gefe, a kuma nisanta shi da inuwar darbejiya, domin kiri-kiri ba ta son inuwa. Bayan dashe a hana wasa wata biyu zuwa uku. Yawancin filayen da suka lalace, gaggawar buɗewa ce ta fara kashe su.

Ta fuskar doka, tun 1987 akwai kwamitin ƙasa mai rajistar sababbin iri da ba da izinin fitar da su, wanda ofishinsa ke Cibiyar Adana Albarkatun Gado da ke Ibadan. A 2021 kuma an sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri, wadda ta ba wanda ya yi wahalar damar cin moriyar aikinsa. Wanda zai shigo da ciyawa daga waje, tilas ya nemi izini daga hukumar killace tsirrai da dabbobi ta tarayya. Rassan da aka ɓoyo a jaka suna iya ɗauko tsutsar saiwa ko cutar da za ta tsallaka zuwa gero da dawa da rake, domin dukansu dangin ciyawa ne. Wasu irin na waje kuma suna da masu su, ba a yaɗa su sai da lasisi.

Kammalawa

Ana kira ga ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin wasanni, kafin su sa hannu a kan kwangilar dasa fili su yi tambaya uku: mene ne sunan irin, a ina aka gwada shi a yanayi irin na wurin, kuma duro nawa zai sha a Afrilu? Ɗan kwangilar da ya kasa amsawa, a dakata da shi. Ana kuma kira ga malaman gona da ɗalibai su fara tattara kiri-kirin yankinsu tun wannan bazara, domin gine-gine suna cin burtali da fadamu kowace shekara, irin da ya ɓace kuwa ba ya dawowa. Aikin na shekaru ne, amma sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi domin bita

1. Kawo halaye huɗu da ake nema ga ciyawar filin wasa, ka faɗi wanda ya fi muhimmanci a ƙasar Yola da dalili.
2. Me ya sa Tifway ba ta yin ƙwayar iri? Da wace dabba aka kwatanta ta?
3. Don me ake dasa kowace lamba a fangali uku, a kuma raba wuri da ƙuri'a?
4. Auna tsawo da faɗin filin makarantarku, ka lissafa litar ruwan da zai sha a rana in ana ba shi milimita 6.
5. Waɗanne wurare ne a garinku ya kamata a fara neman kiri-kiri mai juriya?